Tsohuwar manhaja na rufe kanta a sabuwar kwamfuta? Duba DEP kafin ka goge Windows

Assalamu alaikum jama'a. Ga matsalar da za mu duba yau. Kana da tsohuwar manhaja, ta lissafin shago ko ta rajistar ɗalibai, wadda tun zamanin Windows XP take aiki lafiya lau. Ka sayi sabuwar kwamfuta, ka ɗora ta, ka danna sau biyu. Tambarinta ya leƙo a allo, sai ya ɓace ɓat. Mutane da yawa a nan sai su ce ƙwayar cuta ce, a goge Windows a sake lodawa. Dakata tukuna, sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

A shekarar 2003 wata ƙwayar cuta mai suna Blaster ta addabi kwamfutoci a duniya. Dabararta ita ce ta cusa umarninta a ɓangaren RAM da aka ware don ajiye bayanai kawai, sannan ta yaudari na'urar ta aiwatar da su. A 2004 Microsoft ya shigo da kariyar DEP, wato Data Execution Prevention, cikin Windows XP Service Pack 2. Da taimakon firosesa, DEP yana yi wa wurin bayanai alama cewa nan ba a aiwatar da umarni. Duk manhajar da ta gwada, Windows ya kashe ta nan take.

To, tsofaffin manhajoji da yawa suna yin hakan ba da wata mugunta ba. Wasu an matse fayil ɗinsu ne, sai sun shiga RAM suke warware kansu. Wasu kuma da tsohon ATL, wani kayan haɗa manhaja na Microsoft, aka gina su. Shi DEP mai gadi ne da ba ya tambayar dalili, ɓarawo da ɗan gida duk waje yake yi da su.

Amma kada mu yi zato, mu tabbatar. Danna madannin Windows tare da R, rubuta eventvwr.msc. Shiga Windows Logs, sannan Application, nemi jan kuskure mai lamba 1000 da sunan manhajarka. Idan ka ga 0xc0000005, an taɓa RAM ba bisa ƙa'ida ba. Wannan lambar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin wasu kurakuran ma ita suke bayarwa. Sake danna Windows da R, rubuta perfmon /rel, buɗe bayanin ranar da abin ya faru. In ka ga BEX, to zargin DEP ya yi ƙarfi.

Gyaran a Windows 10 da 11 ga shi. Buɗe Windows Security, shiga App & browser control, sannan Exploit protection settings. Zaɓi Program settings, danna Add program to customize, ka nuna ainihin fayil ɗin manhajar. Gangara zuwa Data Execution Prevention, sa alama a Override system settings, kashe shi, danna Apply, ka sake buɗe manhajar. In ba ta tashi ba, mayar da DEP yadda yake, ka gwada kashe Mandatory ASLR, wata kariyar da ke cikin wannan jerin, idan a kunne take. Ɗaya bayan ɗaya, don ka san wanne ne ya hana ta. Wannan na manhajoji masu 32-bit ne. Masu 64-bit ba a cire musu DEP.

Roƙona ɗaya. Za ka ga masu cewa ka yi amfani da umarnin bcdedit ka sa DEP a AlwaysOff, wato a kashe koyaushe. Don Allah kada ka yi. Wannan yana cire kariyar ga duk manhajoji masu 32-bit da ke kwamfutar, saboda manhaja guda. Raina yana ɓaci idan na ga an yi wa kwamfutar shago haka, mai ita kuwa bai ma sani ba.

Ita kuma manhajar da ka cire wa kariya, kada ka buɗe fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba da ita. Idan ta ƙi tashi duk da haka, ɗora tsohon Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gudanar da wani Windows a cikin naka, ka yanke masa intanet, ka bar ta ta yi aikinta a can.