Ƙwan da ke shanye maka kuɗin wuta

Kunna irin wannan tsohon ƙwan lantarki, mai siririyar waya a cikinsa, ka bar shi minti biyar, sannan ka kai hannu kusa da shi. Kada ka taɓa, zai ƙona ka. To, wannan zafin da ka ji, kuɗinka ne ke tafiya.

Ga yadda abin yake. Wuta na bi ta wayar nan har ta yi jajir, daga nan ne haske ke fitowa. Amma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ƙwan ke sha zafi take zama, ɗan ragowar ne haske. Wato murhu ka rataya a silin, kuma a ɗakin da kake kukan zafi cikin watan Afrilu. Fasahar tun zamanin Thomas Edison ce, 1879. Ta yi wa duniya aiki, amma ta tsufa.

Yanzu dubi sabon ƙwan da ake kira LED. Ba ya buƙatar gasa waya kafin ya ba da haske. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a samar da shuɗin haskensa, wanda daga shi aka samu fari, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, LED mai wat 9 zai ba ka shi.

Mu yi lissafi. A ce ƙwai shida ne a gidanka, da na tsakar gida da na zaure, kowanne yana kunne awa shida a rana. Masu wat 60 za su sha yunit kusan 65 a wata. LED kuwa bai kai yunit 10 cif ba. Rarar yunit 55 ke nan. A Afrilun 2024, da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, kuɗin wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200. Ninka ka gani: sama da naira 11,000 duk wata, a kan ƙwai kawai, ba a zo maganar firji ko dutsen guga ba.

Gaskiya, wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi, ba lallai ya ga canji a takardar ba. Mai mitar kati ne zai gani da idonsa. Haka mai sola da mai inbata: batirin da tsohon ƙwai ɗaya zai tsotse, shi zai riƙe LED shida.

Sai batun saye, kuma nan ne ake cutar mutane. Mun saba tambayar mai shago, “Wat nawa ne?” Wat ba haske ba ne, yawan wutar da ƙwan ke sha ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, ana rubuta shi lm a jikin kwali. Nemi wajen 800 in kana son madadin mai wat 60. In ka ga kwali an zabga masa wat mai yawa amma babu lumen ko kaɗan, ga araha kamar kyauta, ajiye shi. Araha ba ta ado. Tsohon ƙwai awa 1,000 yake yi, LED mai kyau na iya kai 15,000 ko fiye, na jabu kuwa kafin watanni ya fara kyaftawa.

Akwai wata lamba kuma mai K a ƙarshe. 2700K haske ne mai ɗan rawaya, ya dace da ɗakin kwana. 6500K fari ne fat, na kicin da shago da wajen karatu.

Zafi ne maƙiyin LED, don haka kar ka kulle shi cikin murfin gilashin da iska ba ta shiga. Wancan mai murɗaɗɗen gilashi da muke kira enaji, in ya fashe, buɗe taga ka fitar da yara, akwai sinadarin makuri mai guba a ciki.

Ba sai ka canza duka a rana ɗaya ba. Fara da ƙwan ƙofar gida, wanda ke kwana a kunne. Kuma kafin ka tafi kasuwa, kwance tsohon ka duba gindinsa, mai fin ne ko mai murɗawa, kar ka yi sahu biyu.