Kujeru biyu a majami'ar Yahudawan Rum

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin Kogin Tiber nake tsaye. Kun ga wancan gini mai ƙubba mai kusurwa huɗu? Babbar majami'ar Yahudawan birnin Rum ke nan, an kammala ta a 1904. Yanzu na fito daga ciki, kuma wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Daga nan zuwa fadar Vatican tafiyar ƙafa ce, rabin awa ka isa. Yahudawa kuwa suna garin nan tun kafin haihuwar Annabi Isa. Amma Fafaroma bai taɓa taka ƙafarsa a majami'arsu ba sai ranar 13 ga Afrilun 1986, lokacin John Paul na Biyu. Maƙwabta fa! Da matar da ke zagayawa da mu ta faɗa, sai da na ce ta maimaita.

To ga yadda aka tarbe shi. Babban malaminsu na lokacin, Elio Toaff, da kansa ya fito waje ya rungume shi. Aka shiga ciki, aka ajiye musu kujeru biyu iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, babu wadda ta ɗara wata. A ranar ne Fafaroman ya kira Yahudawa da yayyen Kiristoci. Amma abin da ya fi ɗaure min kai, masu masaukin ba su tsaya yabo kawai ba. Shugaban al'ummarsu ya miƙe a gaban baƙon ya tuna masa abin da magabatansa suka yi musu. Ai wani Fafaroma ne, Paul na Huɗu, a 1555 ya sa aka killace su a unguwar nan, ana kulle ƙofofi da dare, suka shekara sama da 300 a haka. Haka da Benedict na 16 ya zo a Janairun 2010, a gabansa aka tayar da maganar shirun da Fafaroma Pius na 12 ya yi kan kisan Yahudawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan unguwar, ranar 16 ga Oktoban 1943, 'yan Nazi suka kwashi mutum sama da dubu, 16 kacal suka dawo.

Ni da na tashi da "baƙonka annabinka", na saba idan babban malami ya zo gari sai kirari da jerin motoci da rububin musabaha, wa ya isa ya ɗauko tsohon zance a gabansa? Su nan sun karrama shi sun kuma faɗa masa, ya zauna ya saurara. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Fafaroma Francis ma ya zo a 2016, babban malaminsu Riccardo Di Segni ya tarbe shi. Shi wannan malamin likita ne, kuma a 2006 ya kai ziyara babban masallacin Rum, inda nake zuwa Juma'a. Masallacin nan fa yana cikin mafi girma a Turai, duk wanda ya zo min baƙunta sai na kai shi ya gani da idonsa.

Yunwa ta sa na ratsa layin bayan majami'ar. Abincinsu na yanka ne, ba naman alade, ba sa kuma haɗa nama da madara. Na sayi wani soyayyen ganye da suke ji da shi, artichoke, ƙwaya ɗaya yuro 8, ko cikina bai san na ci ba. Hajiya, in kina kallo, a sako min yaji da kilishi a hannun mai zuwa.

In za ku zo, kada ku zo ranar Asabar, ranar ibadarsu ce, gidan tarihin da ke cikin majami'ar a rufe yake. Akwai bincike mai tsanani a ƙofa, tun harin 1982 da ya kashe yaro ɗan shekara biyu jami'an tsaro suke gadin wurin, don haka kada ka zo da ƙatuwar jaka kana yi musu gardama. Maza sai sun rufe kai. Ni da zannata na shiga, mai gadi ya dube ta ya ce ta wadatar. Kyamara kuwa sun ce a kashe a ciki, shi ya sa ba ku ga komai ba sai bakina.