Ƙarfin Ƙafa a Tsufa: Hira kan Motsa Jikin Iyayenmu

Sadiya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Sadiya ce ke magana. Yau ma muna tare da Baba Malam Habu, ga kuma Yaya Aminu, wanda aikinsa gashin ƙashi ne a asibiti. Baba, ina wuni?

Malam Habu: Lafiya lau, 'yata. Ya mutanen gida? Aminu, sannu da zuwa, ya aiki?

Aminu: Alhamdu lillahi, Baba. Mun same ku lafiya?

Malam Habu: Lafiya ƙalau.

Sadiya: Batunmu na yau motsa jiki ne ga dattawa, musamman irin wanda ke ƙara wa tsoka ƙarfi. Yaya, bari in fara da abin da na san yana bakin mutane da yawa. Mutum ya haura 65, ya yi noma, ya yi kasuwa, ya yi renon 'ya'ya har da jikoki. Yanzu kuma a ce ya zo ya ɗaga nauyi? Ai lokacin hutunsa ne.

Aminu: Hutun nan shi ne abin da na fi jin tsoro a kan iyayenmu. Tun daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam take fara raguwa, kusan kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara 10, kuma bayan 60 raguwar sai ta ƙara sauri. Wannan babu wanda ya tsira daga gare shi. Amma zama yana ninka shi. An yi wani bincike a Amurka da aka buga a 2007, aka kwantar da dattawa masu cikakkiyar lafiya a gado kwana 10 ba sa tashi. Da aka auna su, kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu ya tafi. Kwana 10 kawai, kuma ba marasa lafiya ba ne.

Malam Habu: To Aminu, tsaya in kare mutanenmu. Mu dai tarbiyyar da muka tashi da ita, yaro ba ya ganin babba da buta a hannu ya ƙyale shi. Ba ya ganin uwarsa da tsintsiya ya wuce. Wannan ladabi ne, kuma akwai lada a cikinsa. Kana so mu ce wa yara su daina?

Aminu: Subhanallahi, a'a Baba. Ladabin yana nan, yadda ake yin sa ne nake so mu duba. Ka ɗauki Hajiya a gida mai jikoki. Za ta miƙe ta ɗauko buta, sai a ce zauna Hajiya, a kawo. Za ta leƙa maƙwabta barka, sai a kira mai Keke Napep, alhali gida uku ne tsakani. Abinci a kawo mata har kan tabarma, ruwan alwala a ajiye mata a gefe. Duk don ƙauna ake yi. Sai a wayi gari tun asuba har isha bai fi sau biyar ta miƙe ba. Bayan shekara biyu sai ka ga yadda take tashi daga tabarma: ta juya gefe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta kafa gwiwa ɗaya, ta laluba bango, ta tsaya ta numfasa, sannan ta miƙe tana faɗin wash. Sai 'ya'yan su ce tsufa ne. Akwai tsufa a ciki, amma wani kaso mai yawa rashin amfani da ƙafa ne.

Sadiya: Wallahi kamar kana kallon gidaje da yawa da na sani.

Malam Habu: Na ji wannan. Amma ai Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kai 80, me ya rage da za a gyara?

Aminu: A nan ne jikin mutum ya saɓa da icce, Baba. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani aiki da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston. Mutum 10 suka ɗauka, mafi ƙanƙantarsu shekararsa 86, babbansu 96, duk masu rauni. Aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako har mako 8. Mutum 9 suka kammala, kuma ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 idan aka yi matsakaicin lissafi. Wato ya kusa ninkawa uku. Daga baya aka sake yi da mutum 100 a 1994, aka sake ganin ƙarfi da saurin tafiya sun ƙaru. Tun daga nan masana suka daina cewa lokaci ya ƙure wa tsoho.

Malam Habu: Ɗan shekara 96? Ikon Allah.

Sadiya: To me ya sa kake ta nanata cinya da ƙafa? Ba hannu ake ɗaga nauyi da shi ba?

Aminu: Saboda mutuncin dattijo a ƙafarsa yake. Ki lissafa abin da babba ba ya son a yi masa. Ba ya son a kama shi a kai shi banɗaki. A gidajenmu da yawa masai na tsugunno ne, sai ka sauka har ƙasa ka kuma taso, kuma cinya ce ke wannan aikin. Ba ya son a ɗaga shi daga shimfiɗa. Ba ya son ya rasa jam'i don ya kasa taka matakala uku na ƙofar masallaci. Ranar da mutum ya fara jiran wani kafin ya kewaya, ranar za ki ga fuskarsa ta canza, maganarsa ta ragu. Na ga dattawa masu faɗa a ji a unguwa sun koma ba sa son a shigo gaishe su saboda wannan kunyar. Shi ya sa abin yake taɓa ni.

Malam Habu: Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A sahun farko yanzu kujeru sai ƙaruwa suke yi. Addini ya yi sauƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Babu laifi ga mai uzuri. Amma ka tambayi duk wanda ke kan kujerar nan, zai gaya maka yana kewar goshinsa ya taɓa ƙasa.

Aminu: Kuma wasunsu, ban ce duka ba, za su iya komawa in aka gina cinyar a hankali. Ga kuma aikin Hajji. Mutanenmu da yawa sai sun manyanta suke samun kujera. Safa da Marwa kaɗai, sawu 7 tsakaninsu, wajen kilomita 3 ne, ban da dawafi, ban da tafiyar jifa. Wanda ya biya kuɗin kujera ya kamata ya fara shirya ƙafarsa tun watanni kafin tashi.

Sadiya: Mu zo kan yadda ake yi. Mahaifiyata ba za ta je gidan motsa jiki ba ko da kyauta ne.

Aminu: Ba sai ta je ba. Abu na farko kujera ce. A samo mai ƙwari wadda tsayinta ya kai gwiwa, a jingina ta da bango. In ta roba ce a yi hattara, tana zamewa a kan tayil, ƙafarta kuma tana buɗewa. Ta zauna a bakin kujerar, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ta ɗan ja su baya kaɗan, ta sunkuyo da ƙirji gaba, ta miƙe tsaye sosai. Sannan ta koma a hankali. Komawar nan ita ce rabin aikin, kada ta saki jiki ta faɗa daɓas, ta riƙe kanta tana ƙirga ɗaya, biyu, uku har ta zauna. Da farko in sai ta dafa gwiwa, ta dafa. Ranar da ta iya, sai ta harɗe hannu a ƙirji. Sau 8 zuwa 10, ta huta minti ɗaya ko biyu, ta sake.

Malam Habu: Ta yaya mutum zai san matsayinsa?

Aminu: Akwai gwajin da muke yi. A sa agogon waya daƙiƙa 30, a ƙirga sau nawa mutum zai tashi ya zauna ba tare da dafawa ba. Ɗan shekara 60 zuwa 64, namiji in ya gaza 14, mace in ta gaza 12, ana ɗaukar ƙarfin ya yi ƙasa kuma haɗarin faɗuwa ya ƙaru. A 70 zuwa 74, namiji 12, mace 10. A rubuta adadin a kalanda, a sake gwadawa bayan wata guda. Ganin lambar tana hawa yana ƙarfafa gwiwa fiye da duk wani wa'azin da zan yi.

Sadiya: Bayan kujera fa?

Aminu: A riƙe bayan kujera ko tagar ɗaki a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu, a sauko. A dafa bango da tafin hannu biyu a kai ƙirji kusa da shi a turo. Sai ɗaukar nauyi: lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka gorar ruwa ta isa farawa, daga baya a koma ƙaramar jarka a riƙa ƙara ruwan. Sharaɗin shi ne abin ya riƙa ɗan yin wuya. In mutum yana ɗagawa sau 15 yana hira, nauyin ya yi masa kaɗan, a ƙara.

Malam Habu: Ni kuwa ina tafiya masallaci da ƙafa sau biyar, ina zaga unguwa bayan asuba. Bai wadatar ba?

Aminu: Tafiya tana da kyau ƙwarai ga zuciya da suga da hawan jini, kada ka fasa, Baba. Sai dai ba ta cika gina tsoka ba, don jiki ya riga ya saba da ita. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu 65 zuwa sama ta haɗa abu uku: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi irin tafiya da ɗan sauri, aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, sai atisayen da ke koya wa jiki tsayuwa daram ba tangaɗi aƙalla kwana 3. Na ƙarshen nan saboda faɗuwa ne. Hukumar ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki.

Sadiya: Mu a nan sai ka ji an ce ta zame a banɗaki, daga nan ba ta sake tashi ba.

Aminu: Karayar ƙugu ke nan galibi, kuma ta fi samun iyaye mata, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana saurin yin laushi. Daga kwanciyar sai gyambon baya, sai ciwon huhu. A ƙasar New Zealand an tsara wani shiri mai suna Otago, atisayen ƙafa da tsayuwa ne da ake yi a gida, kuma ya rage faɗuwa da wajen kashi 35 cikin 100 a tsakanin tsofaffin da suka bi shi. Abubuwan ciki masu sauƙi ne: tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa, tafiya ana ɗora dunduniya a gaban yatsu, tafiya gefe-gefe. A haɗa da gyaran gida: a sa fitila a hanyar banɗaki, a kankare gansakuka, a jefar da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye.

Malam Habu: Masu ciwon gwiwa fa? Su ne rabin sa'o'ina.

Aminu: Mai amosanin gwiwa yana cikin waɗanda suka fi amfana, don cinya mai ƙarfi tana rage wa gwiwar nauyi. A fara da kujera mai tsayi, ko a ɗora matashi. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma zafi mai suka, ko gwiwa ta kumbura, a dakata a je a duba. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, ya fitar da iska lokacin da yake miƙewa. Mai suga da ke shan magani ko allura kada ya yi da yunwa. Wanda ke da ciwon zuciya, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi masa aiki kwanan nan, ya fara ganin likitansa. Kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki da ya wuce misali, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Sadiya: Akwai abin da na lura da shi a gidaje: tsohuwa takan tsame namanta ta miƙa wa jika, ita ta sha koko ta kwanta.

Aminu: Wannan ma sai an yi magana a kai. Tsoka ba ta ginuwa da koko da tuwo zalla. Wake, alale, ƙosai, awara, ƙwai, nono, kifi, ƙuli-ƙuli, a samu ɗaya daga ciki a kowane cin abinci. In haƙori ne matsalar, a dafa ya yi luguf ko a daka. Mai ciwon ƙoda ne kawai zai bi abin da likitansa ya ƙayyade masa.

Malam Habu: To ni ga shawarata ga 'ya'ya, tunda na san halinmu. Kada ka je wa mahaifinka da umarni, ba zai yi ba. Ka ce Baba, zo ka raka ni. Ka jawo kujera biyu ku yi tare, jika yana ƙirga muku. Iyaye mata kuma su haɗu da maƙwabta a tsakar gida ɗaya, ko bayan an tashi daga Islamiyya, babu mai ganin su.

Sadiya: Wane lokaci ya fi, Yaya, da zafin garin nan?

Aminu: Bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. Da azumi a mayar da shi bayan an sha ruwa an ɗan huta, a rage yawa amma kada a bari gaba ɗaya.

Sadiya: Lokaci ya cim mana. Masu tambaya su turo, mako mai zuwa za mu fara da su. Baba, mun gode. Yaya, Allah ya saka da alheri.

Malam Habu: Amin, 'yata. A gaida gida.

Aminu: Amin. Sai mun sake haɗuwa.