Gonar da Irmiya Ya Saya Ana Tsakiyar Yaƙi

Masu bi sukan ce, muna tafiya bisa ga bangaskiya ne, ba bisa ga gani ba. Maganar tana da daɗin faɗi a cikin sujada. Amma yaya take idan ta kai ga mutum ya sa hannu a aljihu? Amsar tana cikin Littafin Irmiya sura 32, a wani cinikin gona.

Ga yadda ƙasa take a lokacin. Shekara ta 10 ce ta sarautar Zadakiya, sarkin Yahuza, wajen shekara 587 kafin haihuwar Almasihu. Sojojin Nebukadnezzar na Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya, suna tara tudun ƙasa a jikin ganuwa don su haura. Shi kuwa annabi Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadi a fadar sarki, domin ya faɗa a fili cewa birnin zai faɗi, sarkin ma za a kama shi.

Ana cikin haka sai ga Hanamel, ɗan baffansa Shallum, ya shigo wurinsa da talla. Ya ce, sayi gonata da ke Anatot, kai ne mai haƙƙin fansarta. Doka ce ta Littafin Firistoci sura 25: idan talauci ya sa mutum sayar da gonar gado, ɗan'uwansa na kusa shi zai fanshe ta, kada ta fita daga dangi.

To, Anatot ƙauye ne mai nisan kusan kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima, wato yankin da abokan gaba suka mamaye. Kamar a ce wani ya zo maka da tallar gona a ƙauyen da jama'a suka watse saboda 'yan bindiga. Wa zai taya? Ƙari a kan haka, mutanen Anatot ɗin nan sun taɓa neman ran Irmiya, kuma Ubangiji ya hana shi aure, ba shi da ɗan da zai gaje shi.

Amma ya saya, domin Ubangiji ya riga ya faɗa masa Hanamel na tafe. Ku dubi yadda ya yi cinikin, ba a ɓoye ba, ba kuma a gaggauce ba. Ya ɗora azurfa a ma'auni, shekel 17, kusan giram 200. Ya rubuta takardar ciniki, ya buga hatimi, shaidu suka sa hannu. Takardu biyu ne, ɗaya a liƙe, ɗaya a buɗe. A gaban duk Yahudawan da ke zaune a farfajiyar ya miƙa su ga magatakardansa Baruk ɗan Neriya, ya ce a saka su cikin tulun yumɓu don su daɗe ba su lalace ba. Dalilin kuwa, Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan.

Nan ne za a gane abin da Kirista ke nufi da bege. Ba rufe ido ba ne a ce komai lafiya. Irmiya ya fi kowa sanin birnin zai ƙone, shi ne ma ya sanar. Kuma ya san ba gobe ba ne za a dawo, da bakinsa ya ambaci shekara 70 na zaman bauta a Babila. Abin da ya dogara da shi shi ne halin Wanda ya yi alkawarin. Ibraniyawa 11:1 ta ce bangaskiya ita ce tabbacin abin da muke begensa, da tabbatawar abin da ba mu gani. Manzo Bulus kuma a Romawa 8:24 ya ce begen da ake ganinsa da ido ai ba bege ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni a surar shi ne addu'ar da ta biyo bayan cinikin. Irmiya ya fara da yabo, ya ce babu abin da ya fi ƙarfin Allah. Sai ya ƙare da kuka: ga tudun ƙasa har sun iso birni, ga takobi, ga yunwa, ga annoba, amma ka ce mini in sayi gona! Ya riga ya biya kuɗin, zuciyarsa kuwa tana ta tambaya. Ubangiji bai tsawata masa ba. Ya amsa da cewa shi ne Allahn dukan masu rai, akwai abin da zai gagare shi? Don haka wanda ke yi wa Allah biyayya yana hawaye kada ya ɗauka bangaskiyarsa ta mutu.

Urushalima ta faɗi, aka ƙone Haikali. Daga baya waɗanda suka rage suka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba. A shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Sairus na Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa gida. Littafin Ezra sura 2 ya jera waɗanda suka dawo gari-gari, kuma a aya ta 23 an rubuta mutanen Anatot, su 128.