Rajista ɗaya, adireshi uku

Assalamu alaikum. Ɗalibai, yau za mu duba yadda direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura a Linux, yake isa ga rajista, wato ɗan gurbin cikin na'ura da ake karantawa ko rubutawa don sarrafa ta. Na ga da yawanku sun zo da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, to bari mu fara da shi.

Takardar bayanin BCM2835, guntun da ke cikin Pi na farko, ta ce rajistocin GPIO, wato filolin shigar da sigina da fitar da shi, suna 0x7E200000. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai adireshin bas ne, wato layin da ke haɗa sassan guntun, wanda injin DMA, mai kwashe bayanai tsakanin na'ura da memori ba tare da furosesa ba, yake gani. Shi furosesan ARM a 0x20200000 yake samunsu, adireshi na biyu ke nan, na zahiri. A Pi 3 sun koma 0x3F200000, a Pi 4 kuma 0xFE200000. Duk wanda ya dasa lambar da hannu cikin direbansa, ranar da aka canza allo aiki ya tsaya cik. Ku bari bishiyar na'urori (device tree), wato bayanin da ke faɗa wa Linux abin da ke kan allon, ta faɗa muku inda suke.

Shi ma adireshin na zahiri kanel, wato zuciyar Linux, ba ya taɓa shi kai tsaye. Sai kun kira ioremap, ko devm_platform_ioremap_resource da ke sakin wurin da kansa idan an cire direba. Zai ba ku manuni (pointer) mai tambarin __iomem, adireshi na uku ke nan.

To a nan ake yawan faɗuwa, ku saurara da kyau. Rajista ba RAM ba ce. Akwai wadda karanta ta kawai ke goge alamar katsewa (interrupt), wadda na'ura ke kiran furosesa da ita, akwai wadda duk karantawa sabon abu take bayarwa. In kuka bi manunin da alamar tauraro (*) ta harshen C, kwamfaila, mai fassara lambarku zuwa harshen inji, na iya haɗe rubutu biyu su zama ɗaya, ko ya sauya jerinsu. A furosesan x86 na kwamfutocin yau da kullum sau da yawa abin kan wuce lafiya, shi ya sa yake ruɗin mutane. Ku riƙe readl da writel wajen karanta rajista da rubuta mata. Kuma tun 2003 Linus Torvalds ya rubuta sparse, manhajar da ke duba kurakurai a lambar kanel; ku buga make C=1, zai nuna muku inda kuka taka tambarin. Wallahi yana damuna in ga direba mai kyau da ba a taɓa gwada shi da wannan ba.

Saura DMA. Kada ku miƙa wa na'ura manuninku, ko abin da virt_to_phys ya dawo da shi. dma_alloc_coherent adireshi biyu yake bayarwa: ɗaya naku, shi kuma dma_addr_t na na'ura. Idan akwai IOMMU, sashen da ke fassara adireshin da na'ura ta nema tare da tantance shi, zai iya tare kuskuren ya kai ƙara. Idan babu, na'urar za ta iya zuba bayanai a memorin wani, kwamfuta ta faɗi bayan awanni a wurin da bai san hawa ba bai san sauka ba.