Sharhi: Kyamarar Tsaro a Titunan Gombe, Wa Zai Riƙe Hotunan?

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya shaida tashin bam a tashar motar Dukku da ke cikin garin Gombe a watan Disambar 2014, ko harin Babbar Kasuwar Gombe ana jajibirin ƙaramar Sallah a Yulin 2015, ba zai yi saurin ƙin a kafa kyamarorin tsaro a titi ba. Haka ma wanda 'yan daban Gombe, wato 'yan Kalare, suka taɓa ƙwace wa waya da rana tsaka, aka rasa mai ba da shaida saboda tsoro. Amfanin kyamara ba abin musu ba ne.

Sai dai mun taɓa ganin yadda irin wannan aiki ya ƙare. A 2010 gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar kusan dala miliyan 470, akasarinta bashi, domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas. Ba a jima ba da yawansu suka zama kwalliyar turaku, bashin kuwa yana wuyan 'yan ƙasa.

To, a ce ma suna aiki, tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ke zaune gaban allon, kuma wa yake yi wa bayani? Kyamarar da ta ɗauki ɓarawon babur ita ce za ta ɗauki fuskar wanda ya halarci gangamin jam'iyyar adawa a filin wasa na Pantami, da ɗan jaridar da ya tsaya bakin hanya da wani ma'aikacin gwamnati, da matar da ta shiga asibiti ba ta son dangin mijinta su sani. A shekarar zaɓe, irin waɗannan hotuna makami ne, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa, sakin bidiyo guda a WhatsApp ya isa ya zubar da mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, sannan a 2023 aka kafa dokar kare bayanan jama'a tare da hukumarta. Amma dokar ta yi sassauci a sha'anin tsaro da binciken laifi, wato daidai inda ake fargabar wuce gona da iri.

Saboda haka, kafin a dasa turke ko ɗaya, ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta rubuta ƙa'ida ƙarara: kwana nawa za a ajiye hoto kafin a goge, wa ke da ikon buɗewa, da umarnin wace kotu, da hukuncin jami'in da ya fitar da shi. Kuma kada idon ya kalli talaka kaɗai. A fara kafa su a shingayen bincike na hanyar Gombe zuwa Bauchi, da kan kantar ofisoshin 'yan sanda, inda ake rubuta cewa beli kyauta ne.