Tafiyar ƙafa a tsoffin ramukan kuza na Abzin

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da ma duk inda kuke kallonmu. Yau arewa muka nufa, ƙasar Abzin, kuma a ƙafa za mu shiga duwatsun, ta yankin da aka daɗe ana haƙar kuza.

Ku fara duban wannan kwarin. Dutse ta dama, dutse ta hagu, a tsakiya busasshiyar ƙorama, gefenta kuwa ramuka ne birjik, kowane da tulin tsakuwa a bakinsa. Wasu iya ƙugu, wasu sun shanye tsayin mutum, wasu iska ta zuba musu rairayi har sun kusa shafewa. Baƙo sai ya ɗauka barkatai aka yi haƙar, alhali kowane rami da dalilin da ya sa aka haƙa shi a inda yake. Wanda ya gane dalilin shi ne zai san inda zai taka da inda zai kauce.

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Za ka wuce matatar mai ta SORAZ, ka shiga Damargu, ka sha ruwa a Tanut, ka ratsa Adarbisinat, gonakin hatsi na raguwa, ƙaya na ƙaruwa. Ta nan ayarin Abzinawa ke saukowa tun kaka da kakanni da gishirin Bilma da dabino, su ya da zango a garinmu, su koma da gero. Daga Agadas kuwa ka yi sallama da kwalta. Sai kat-kat ko babur, ta Dabaga, har Elmeki, wanda ke kusan rabin hanyar Timiya. Elmeki garin kuza ne, haƙar ce ta tara masa jama'a. Nan za mu sauka daga mota.

To, mene ne kuza? Dutse ne baƙi-baƙi, wani lokaci ruwan ƙasa, mai ɗan sheƙi. In an narka shi yana ba da farin ƙarfe mai laushi, wanda zafin digiri 232 kacal ke narkarwa. Shi ake shafa wa gwangwanin tumatir da na madara don kada su yi tsatsa, yana kuma cikin dalmar da mai gyaran salula a kasuwar Dole yake liƙa wayoyi da ita. Kusan duk gidan da ka shiga akwai kuza a ciki, masu gidan ba su sani ba.

Yadda ya zo nan kuwa tsohon labari ne ƙwarai. A can cikin ƙasa narkakken dutse ya taso, ya kasa fitowa sarari, ya huce sannu a hankali ya zama wannan dutse mai haske da kuke gani. Yana gab da gama hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagoginsa ya bar kuza a ciki, jijiya-jijiya. Masana ƙasa sun gano cewa irin waɗannan duwatsu jere suke daga arewa zuwa kudu. Na Abzin su ne manya, sun haura shekara miliyan 400. Na yankin Damagaram da Munyo, wajen Gure, kimanin miliyan 300. Na Jos a Najeriya su ne ƴan auta, ba su kai miliyan 200 ba. Ke nan mutumin Damagaram da ya je Abzin ya ga dutse, dangin na gida ya gani. Hausawa ma ba baƙin kuza ba ne: tun kafin zuwan Turawa ana narka shi a Liruwe ta ƙasar Kano.

Rana ta gasa dutsen, sanyin dare ya tsattsage shi, ruwan sama ya wanko ɓarɓashin zuwa kwari. A nan nauyi ya yi aikinsa. Kuza ya kusa ninka nauyin ruwa sau 7, rairayi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka in ƙorama ta kawo, sai ta kwashe rairayi ta yi gaba da shi, kuza ya nutse ya kwanta a can ƙasa cikin tsakuwa, daf da fa. Shi ya sa mafi yawan ramukan suke bin gindin dutse da gaɓar ƙorama. Mai haƙa yana yaye rairayin sama ne har ya kai wannan shimfiɗar tsakuwar, in ya same ta da albarka sai ya bi ta a kwance, yana rarake ƙarƙashin ƙasa. Ku riƙe wannan maganar ta rarakewa, za mu dawo kanta.

A Jos da ruwa aka riƙa wanke kuza, shi ya sa har gobe akwai manyan kududdufai da kamfanoni suka bari a can, waɗanda ke cin mutane da dabbobi. Abzin ba ta da ruwan da za a yi wannan facaka. Sai aka koma ga iska.

Ku dubi hannun dattijon nan da kyau. Ya farfasa ƙasar da ya haƙo, ya tankaɗe ta da rariya, manyan tsakuwoyi suka tsaya a sama ya watsar. Abin da ya sauka ya cika tasa da shi, ya miƙe, ya juya ya ji ta inda iska ke kaɗawa, ya ɗaga tasar daidai kafaɗa yana zubowa a hankali kan buhun da ya shimfiɗa. Ƙura ta tashi ta tafi, rairayi ya faɗa can gaba, mai nauyin ya zubo daf da ƙafarsa. Ya kwashe ya sake, ya kuma sakewa. Duk macen da ta taɓa sheƙar gero a bakin masussuka ta san wannan aikin, sai dai a nan tsabar baƙa ce. Daga ƙarshe ya zauna yana girgiza tasar yana ɗan buga gefenta da tafin hannu, baƙin ya taru a gefe guda, ya tsince ragowar farin da yatsa. Ƙasa mai yawa ake sheƙewa kafin a tara abin da zai cika tafin hannu. In ya zuba maka a hannu nauyin zai ba ka mamaki. Akwai kuma baƙin yashi na tama da ke ruɗar baƙo, amma mayen ƙarfe na raba gardama: tama za ta manne masa, kuza ko gezau.

Wani kamfanin Turawan Faransa ne ya fara haƙar kuza a wannan yanki a ƙarshen shekarun 1940, ana aiki a Elmeki da Tarwaji da wajen Timiya. Bayan ƴancin kai a 1960 aikin ya ci gaba. Abin da ya karya shi daga nesa ya zo. A watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi wanwar, aka yi ta rufe mahaƙu a ƙasashe da dama, har da Jos. Ga kuma tawayen arewa da ya ɓarke a 1990. Aikin kamfani ya durƙushe, amma mutanen wurin ba su ajiye diga da shebur ba, kuma duk lokacin da farashi ya motsa sai ka ga an koma tsoffin ramuka. Don haka tulin ƙasar da ka gani a bakin rami, kada ka ɗauka yasasshe ne. Ƙila wani ya tara yana jiran iska ta kaɗa. Ka yi sallama, ka ce sannu da aiki Baba, yawancinsu suna jin Hausa sarai. In kana son ɗan kuza na tsaraba ka saya a hannunsa, in hoto kake so ka nemi izini tukuna.

Yanzu maganar rarakewa. Ramin da kake gani ba shi ne babban haɗari ba, tunda ido zai kauce masa. Ƙasar da ke tsakanin rami da rami ita ce abin tsoro, don sau da yawa ƙarƙashinta kogo ne, ɓawo kawai ya rage a sama. Kada ka ratsa tsakiyar filin ramuka don yanke, kada ka tsaya a leɓen rami kana leƙe. Bi turbar jakuna. Inda kashin jaki da sawun akuya suke, ƙasa ta riga ta ɗauki nauyi ba ta burma ba. Shiga rami kuwa babu dalilinsa ko kaɗan. Bango kan rufta ba tare da wata alama ba, iskar can ƙasa kan ƙare ba wari ba hayaƙi, mutum ya ji jiri ya zube, wanda ya shiga ceto shi ma ya zube. Ba mu manta da Ɗan Isa ta jahar Maradi ba, inda ramin zinariya ya rufta a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutum 18 aƙalla. Ga macizai da kunamu, su ma inuwar suke so. Da safe ka zazzage takalminka kafin ka sa.

Abu na biyu ruwa ne, ta fuska biyu. Na sha dai, mai tafiya a dutse ya lissafa lita 5 a wuni ko fiye, jaki ya ɗauki bido, kai ka riƙe gora. Ruwan da ya kwanta a tsohon rami ba na sha ba ne, musamman kusa da inda ake wanke zinariya, don suna aiki da sinadarai masu guba. Ɗaya fuskar kuma ita ce ƙorama. Rairayinta laushi, ga inuwar goriba da ƙaya, duk wanda ya gaji nan ransa zai ba shi ya shimfiɗa tabarma. To, dutse ba ya shan ruwa. Hadarin da ya zuba a wani tsauni da ko ganinsa ba ka yi, duk ruwansa kwarin nan zai biyo a guje, kai kuwa samanka fes. Mutanen Agadas sun ga haka a farkon Satumban 2009, da ruwan duwatsu ya sauko cikin dare ya rushe unguwanni. Daga Yuli zuwa Satumba ba a kwana a cikin ƙorama. Lokacin tafiyar ma dai Nuwamba ne zuwa Fabrairu, kuma a tafi da bargo na gaske, don a kan tudu sanyin dare kan kai ruwa ya daskare. Hunturun Damagaram wasa ne a kansa.

Ba a shiga Abzin ba jagora. Na san akwai matasan da za su ce ai taswira na cikin salula. Rezo na ɗaukewa da zarar ka shige tsakanin duwatsu, kuma taswira ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba. A rikicin 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, ga kuma ƴan fashi da ke tare hanya jefi-jefi. Da ɗan gari akan ci gari. Tun daga Agadas ka tambayi halin da hanya take ciki a makon da za ka tafi, jandarmomi su san da tafiyarka, in ka isa ƙauye ka fara da gaida maigari. In aka ce maka a dakata, ka dakata.

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarinmu da yawa sun yi arewa, haƙar ta bazu har cikin Abzin, ramukan zinariya kuwa sun fi na kuza zurfi nesa ba kusa ba. Waɗannan wuraren aiki ne, masu su ba sa son ɗan kallo. Haka mahaƙun uraniyom na Arlit, inda aka fara haƙa a 1971, da na Akuta da ke kusa da ita. An rufe mahaƙar Akuta a ƙarshen Maris na 2021, amma tulin ragowar ƙasar da ta bari ba wurin yawo ba ne, ƙarfen da ya fito daga can kuma ba na ɗauka a kai gida ba ne.

Da ka bar filin kuza ka ci gaba da hawa, ƙasa za ta sauya launi. Waɗannan baƙaƙen duwatsu masu huji-huji aman wuta ne, jiya-jiya suka fito in aka kwatanta da masu kuzan, kuma suna cin takalmi ba kaɗan ba. Roba ko fade ba za su kai ka ba. Ka duba kan fa za ka ga rema na shan hantsi, in kana da sa'a ka hango ragon dutse. Can kudu maso gabas tudun Bagazam ne, wanda daga gare shi shahararren dokin nan da sarakuna ke alfahari da shi ya samo sunansa. A kansa ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijar take, mita 2,022, kuma a saman akwai ƙauyuka da lambuna, ana sauko da albasa da tafarnuwa da dankali a bayan jaki. Hawansa aikin yini ne cur, ana tashi da asuba.

Jagora zai tsaya in rana ta take. Ya hura wuta, ya ɗora shayi, ya kwaɓa garin alkama ya binne a rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya tono, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura a miya, ga cuku a gefe. Kada ka matsa masa a tashi, sai rana ta yi sanyi za a ɗaura wa jaki kaya.

Timiya tana kilomita 200 da ɗoriya daga Agadas. Kafin ka shiga garin akwai inda ruwa ke zubowa daga kan baƙin dutse zuwa wani tafki, sannan lambuna su fara: dabino, rumman, inabi, lemo, wasu da injin ban ruwa, wasu har yanzu raƙumi ke jan guga. Lemon da sanyi yake nuna, daidai lokacin da ya kamata a yi tafiyar, don haka a bar wuri a cikin jaka. Motar komawa Agadas ba kullum ake samu ba, a tambaya tun ranar da aka sauka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.